Kwafi na Tara, da Maganar da Na Kasa Faɗa wa Malam Zainulabideen

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, 11 ga Safar 1447, daidai da 5 ga Agusta 2025, da hantsi, ina cikin aji a Islamiyyarmu ta Kabo aka kira ni a waya. Aka ce Allah ya yi wa Malam Zainulabideen, jikan Malam Jalo na Getso, rasuwa a gidansa da ke Gwarzo, bayan jinyar wata huɗu. Na ajiye allin da ke hannuna, na nemi benci na zauna. Matan ajina suka ga halin da na shiga, suka ɗauka baƙin ciki ne kawai. Baƙin ciki kam akwai shi, Allah ne shaida. Amma abin da ya fi kama ni a lokacin tsoro ne, domin ka tafi, Malam, alhali akwai wata magana tsakanina da kai wadda ban faɗa maka ba.

Ni ce Ummu Hani, ɗaya daga cikin ɗaruruwan ɗaliban da ka koyar da Larabci da Hausa a shekara talatin da ka yi kana aikin sakandare. Wasu za su tuna ka da wa'azi, wasu da sulhun da kake yi tsakanin maƙwabta a kan iyakar gona. Mu da muka taɓa shiga ɗakinka na zaure, da littattafai za mu tuna ka. Ba ka hana kowa shiga, sharaɗinka ɗaya ne: a wanke hannu, a shanya shi ya bushe. Ina aji uku na taɓa yaga wani shafi don gaggawa. Na tsaya ina jiran faɗa. Sai ka ɗauko ƙaro da 'yar siririyar takarda, ka zaunar da ni, ka nuna mini yadda ake liƙe yaga ba tare da an rufe harafi ko ɗaya ba. Har aka kira la'asar muna kan shafin nan.

Ba kowane littafi kake tarawa ba. Ka fi son waɗanda aka buga kaɗan, sau ɗaya, ba a sake ba. A cikinsu babu wanda ya kai na kakanka daraja a wurinka. Almajiran Malam Jalo ne suka haɗa kai, shekara hamsin da suka wuce, suka kai waƙoƙinsa na wa'azi wata ƙaramar maɗaba'a a Kano, aka buga su da ajami, kwafi ɗari da ashirin kacal. Tsohon ya zauna ya rubuta wa kowane kwafi lamba da hannunsa, ya buga hatiminsa, aka raba wa malamai. Maɗaba'ar ta daɗe da rufewa. Kwafin nan suka watsu: gara ta ci wasu, ruwa ya ci wasu, wasu aka raba su a gado ga waɗanda ba su san ajami ba. Burinka shi ne ka san inda kowane ɗaya yake. Ba ka neman ka mallake su. Cewa kake yi, ya isa ka san suna raye.

Shekara da shekaru kana wannan yawo a kan babur, har Allah ya haɗa ka maƙwabtaka da Malam Dalyop, mutumin Filato da ke koyar da labarin ƙasa a makarantarku. Shi ya nuna maka cewa a intanet akwai shafuka na masu tara irin waɗannan littattafai. Mutum yana rubuta abin da ke hannunsa, ya sa hoto, ya kwatanta bugunsa da na wasu, ya kuma nemi a aiko masa da saƙo duk ranar da aka fito da irin littafin da yake nema a kasuwa, ko a wace ƙasa ce.

"Malam," in ji shi, "wayar nan za ta rage maka rabin yawon da kake yi."

Ka yi dariya ka ce, "In har ta san hanyar Gude da damina, na sallama mata."

Cikin shekara huɗu kuka gano kwafi arba'in da ɗaya. Kullum bayan la'asar a kan tabarma ɗaya, shi da kwamfutarsa, kai da tabaranka, kuna faɗaɗa hoton hatimi kuna gwada shi da na gaske. A haka kuka tona asirin wasu na jabu da aka kwafa da inji aka shafa musu shayi don su yi kamar tsofaffi. A haka kuma ka ceci wata baiwar Allah a garin Jama'a wadda mijinta ya rasu ya bar akwatin littattafai. Wani dillali ya so ya kwashe su a farashin takardar ƙunshin ƙosai. Ka hau babur ka je da kanka, ka nuna mata a waya yadda ake neman irinsu, ka ce ko ta sayar ko ta riƙe, amma ta yi da idonta a buɗe.

Duk wannan na sani. Ina wurin aka yi shi. Shi ya sa abin da na aikata ba shi da uzurin jahilci.

Bara ka ara mini kwafi na tara, don in koya wa matan ajina baitocin. Na mahaifiyarka ne. A shafi na goma sha huɗu akwai ƙuna kamar ƙwayar wake, inda garwashin turarenta ya taɓa faɗawa. Da ka miƙo mini, ka ce, "Wannan bai taɓa kwana a wajen gidan nan ba, sai yau."

Bayan wata biyar idon mahaifiyata, Inna Marka, ya rufe da yana, likita ya ce sai an yi aiki, kuma ba a jira. Na buga nan na buga can, abin bai haɗu ba. Kunya ta hana ni zuwa wurinka. A makon ne wani Sajo, dillalin tsofaffin littattafai da ke bin ƙauyuka, ya biyo ta Kabo. Ya ga littafin a kan teburina, ya juya shi, ya faɗi abin da zai bayar. Na ce a'a. Ya dawo washegari. Na sayar masa, Malam. Na yaudari kaina cewa zan fanso shi kafin ka tambaya. Da na neme shi bayan wata guda, lambarsa ta daina shiga.

Tun daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Na san irin tarkon da ku biyu kuka kafa a intanet, domin sau da yawa ni nake riƙe muku waya kuna ɗaukar hoto. Na san duk inda littafin nan ya ɓulla a duniya, saƙo zai iso Gwarzo.

Ya kuwa iso. Bayan Babbar Salla, ciwo ya riga ya kwantar da kai, ka kira ni da murya mai cike da murna. "Ummu Hani, in kin tashi daga makaranta ki biyo. An fito da ɗaya a ƙasar waje." Ban san yadda na iso daga Kabo ba. Na tarar da kai jingine da filo, Malam Dalyop ya ɗora kwamfuta a kan kujera inda za ka iya gani. Wani gidan gwanjon littattafai ne ya sa shi a kasuwa. Hoton bango kaɗai suka sa. Bangon kuwa duk iri ɗaya ne, kore mai duhu.

"Na rubuta musu," in ji Malam Dalyop. "Na ce su ɗauko mana shafin lamba da 'yan shafukan ciki. Ba za su wuce mako ba."

Ka dube ni ka ce, "Na arba'in da biyu ke nan, in Allah ya so. Ko ke ba ki yi murna ba?"

Na ce na yi.

Wannan mako ban taɓa ganin irinsa ba. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai in ɗauka kai ne. Abinci ya ƙi shiga. Ina tsaye gaban allo sai in manta baitin da na yi shekara ina koyarwa. Da an fita hutun tara sai in laɓe bayan aji in buɗe shafin gwanjon, ina roƙon Allah ya sa wani kwafin ne dabam. Ina tunanin ranar da magana za ta fita: malamar Islamiyya, mai koya wa mata amana, ta sayar da littafin malaminta yana kwance. Ina tunanin mijina, da hukumar makaranta, da Inna, wadda idonta ya buɗe ba ta san da me aka buɗe shi ba. Ran kwana na biyar na buɗe, sai ga sababbin hotuna. Ga lamba tara da hannun Malam Jalo. Ga ƙunar nan a shafi na goma sha huɗu. Na durƙusa a gindin katanga.

Na zauna jiran kiranka. Kwana ɗaya, kwana uku, mako biyu. Ba ka kira ba. Wallahi shirun nan ya fi faɗa ciwo. Ko ciwo ne ya hana ka dubawa? Ko ka gani ka yanke ni daga zuciyarka? Ko Malam Dalyop ne ya ɓoye maka? Ba ni da wanda zan tambaya.

Sau uku na zo duba ka, kowane zuwa da kalmomina a shirye tun daga mota. Da na yi sallama na ga yadda ka rame, sai su gudu. Kai kuwa ba abin da kake tambaya sai, "Yaya idon Inna? Tana ganin zaren allura?" Sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A zuwana na ƙarshe, kwana shida kafin rasuwarka, na yi ta maza na ce, "Allah ya gafarta Malam, maganar littafin nan da ka ara mini..."

Ka ɗaga hannu a hankali. "Matan ajinki sun haddace baitocin?"

"Sun haddace, Malam."

"To, alhamdu lillahi. Miƙo mini ruwan can."

Na miƙa maka. Ka sha, ka lumshe ido. Ni kuwa, matsoraciya, na karɓi wannan a matsayin mafita, na tashi na tafi. Ban sake ganin ka ba.

Bayan addu'ar uku, uwargidanka Hajiya Gwamma ta aika a kira ni. Na shiga da tabbacin cewa ranar tonon asiri ta zo. Na tarar da Malam Dalyop a zaure, idanunsa jajur, Hajiya kuma tana zaune daga bakin ƙofa. Ya miƙo mini wata takarda a ninke, mai ɗauke da kalmar sirrin shafinku. Ya ce ka bar wasiyya cewa ni zan ci gaba da kula da jerin kwafin nan, shi kuma zai taimaka mini kamar yadda ya taimaka maka. Na ce ba zan iya ba, akwai waɗanda suka fi ni cancanta. Ya buɗe kwamfutar, ya gangara zuwa lamba tara, ya juyo mini da ita. Ga abin da na karanta:

"Na tara. Na mahaifiyata ne, na gaje shi. Na ba Ummu Hani shi kyauta, halak malak, da abin da ya gabata a kansa. Yanzu yana ƙasar waje, lafiyarsa lau, gara ba ta taɓa shi ba. Kada wanda ya tambaye ta."

Kwanan watan da ke jiki shi ne ranar da hotunan suka fito.

"Ni na buga masa," in ji Malam Dalyop. "Ya daɗe yana kallon ƙunar nan. Ya sa yatsa a kan gilashin yana shafawa. Sannan ya ce, Dalyop, rubuta."

Na juya wurin Hajiya ina kuka, na fara ba ta labari tun daga idon Inna. Ta bar ni na kai ƙarshe, sannan ta ce, "'Yar nan, a gidan nan ke kaɗai ce ba ki san ya sani ba. Kullum kika fita sai ya ce, yarinyar nan tsoro zai kashe ta, kuma in na fara maganar kunya za ta hana ta dawowa."

Malam, ka ce kada a tambaye ni, kuma babu wanda ya tambaye ni. Ni ce na ga ba zan iya riƙe amanarka da wannan a ɓoye ba, shi ya sa na rubuta da sunana. Na faɗa wa mijina, na faɗa wa shugaban makarantarmu, jiya kuma na faɗa wa Inna. Abin da zai biyo baya ban sani ba, kuma ba zan ce ba na jin tsoro ba. Ina tsoron bakin mutane. Ina tsoron dillalan da suka fara kiran gidanka tun ba a share makoki ba, suna tambayar ɗakin zaure. Ina tsoron wannan hannu nawa da aka damƙa wa mabuɗin shafinku. Abin da ya fi duka, ina tsoron tsayuwa gaban Allah, domin kai ka yafe tun ban roƙa ba, ni kuwa na bari ka tafi ban buɗe baki na ce ka yafe mini ba.

Ga duk wanda ke da kwafin littafin Malam Jalo a Getso, ko Gude, ko ko'ina, ina roƙo ya nemi Malam Dalyop ko ni, mu ɗauki hotonsa kawai. Saura saba'in da tara ba a san inda suke ba. Wanda kuma wata larura ta matsa masa, don Allah ya yi magana kafin ya miƙa wa dillali.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Gwamma, da babban ɗanka Bashari da ƙannensa, da zuriyar Malam Jalo baki ɗaya, da abokinka Malam Dalyop da iyalinsa, da ɗalibanka na Gwarzo da Kabo. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Zainulabideen, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka ba shi littafinsa a hannun dama. Ya rufa wa wata asiri a duniya alhali yana da ikon tonawa. Ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai kai. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Ummu Hani, Kabo.