Ƙafar Da Ta Je Sayen Mota

Kafintan da ke ƙarshen layin masu walda, ba wanda ya ƙara kiransa da sunansa na ainihi tun shekarar da ya faɗo daga kan rufi. Yana buga kwano a wani gidan bene tsani ya zame, ya riga gudumarsa isowa ƙasa. Likitoci suka haɗa gwiwar dama da ƙarfe, ta warke sumul, sai dai daga ranar ta rantse ba za ta ƙara lanƙwasawa don kowa ba. Ga shi dogo, irin dogayen nan da sai sun sunkuya suke shiga ɗakinsu. Unguwa ta sa masa Miƙau. Ya yi faɗa, ya yi fushi, ya gaji, har ta kai in an ce Miƙau shi ne mai fara waiwayowa.

A shago ƙafar ba ta rage shi da komai ba. Aiki ma ya ba ta. Da ita yake danne katako in yana yanka da zarto, da ita yake jawo gwangwanin ƙusa daga can ƙarƙashin benci, kuma in mai sayen tebur ya tsaya yana kame-kamen tsawon da yake so, sai Miƙau ya ɗora ta a kan benci ya ce, "Kamar wannan, ko a ƙara?" Tafiya kuwa, jefa ta yake gefe ta zagayo ta dire, kajin layin duk sun san lokacin da za su kauce.

Mota ce kaɗai ta gagare shi, kuma ba don bai gwada ba. In ya shiga gaba, tafin ƙafar ya tokare can ƙasa shi kuma yana sama a rataye, bai kai ga kujera ba. In ya kwantar da ita a kujerar baya, ƙofa ta ƙi rufuwa. Sau ɗaya ya hau babbar bas ya miƙe ta a hanyar da ke tsakanin kujeru, duk mai sauka sai ya tsallake. Kowa ya tsallake lafiya ban da wata mata mai tiren ƙwai. Tun daga ranar, in direbobin tasha suka hango shi sai kowa ya duƙa yana duba taya. Ya koma hawa bayan motar kaya tare da gadajen da yake kai wa mutane, yana kishingiɗe yana ɗaga wa jama'a hannu, har girma ya zo, gadon bayansa ya ce shi ma ya gaji da jijjiga.

"Masu ƙera motar nan duk gajeru ne," haka yake gaya wa duk wanda ya zauna masa a shago. "Ƙeta ce kawai. Da akwai dogo ko ɗaya a cikinsu da ba a yi wa mutane wannan wulaƙanci ba."

Da abin ya tsaya nan da sauƙi, don Miƙau ba mai son yawo ba ne. Amma yana da yaya, wadda ta goya shi ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, tana aure a wani gari mai nisan wuni guda a mota. Ita ce mai zuwa duk shekara, ta duba shi ta yi masa faɗa ta koma. Tsufa ya zaunar da ita. Ran nan yana cikin shafa wa wata kujera fenti ta kira shi a waya.

"Yaron nan," in ji ta, don har yau haka take kiransa, "likita ya ce idon nan rufewa yake yi, ba gyara. Yanzu ma sai abu ya zo dab da hancina nake gane shi. Ka zo in ga fuskarka tun ina iyawa."

"Yaya, in sa a turo miki hoto?"

"Hoton waya? An nuna mini. Na ga wani abu kamar tsintsiya da hula. Kai nake so."

Ya ajiye wayar ya zauna, fenti na ɗiga a kan takalminsa. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba ko ranar da yake faɗowa daga bene.

'Yar autarsa ce ta kawo shawara. Nas ce a asibitin cikin gari, ta daɗe tana shirin sayen mota ta hannu. Ta ce, "Baba, motar da zan saya ƙafarka ce za ta zaɓa. Wadda ta ɗauke ta, ita ce tawa." Aka yi murna, aka sa mata albarka, sannan aka tuna kasuwar motoci tana can ɗaya gefen gari, kuma sai da mota ake zuwa.

Nan kafinta ya motsa. Ya ce tunda shi ba zai je ba, ƙafar za ta je. Ya sa matarsa ta riƙe masa tef daga ƙugu zuwa diddige, ya zaɓo katako mai kyau ya yanka. Da wani ne da ya tsaya nan, amma Miƙau ba ya sakin aiki rabi. Ya fere mata ƙwauri, ya fitar da dunduniya, ya goge ta har tana sheƙi. Da Auta ta ce masu mota za su ce za ta karce musu kujera, sai ya sa mata safa, ya ɗaura mata tsohon takalminsa.

"Baban Auta," in ji matarsa, "saura ka yanke mata farce."

Auta ta saɓa ƙafa a buhu ta tafi, takalmin na leƙowa ta sama. Shi kuwa ya zauna a shago da waya a kunne kamar mai jiran sakamakon haihuwa. Kira na farko da ya shigo, ɗan sanda ne ya tsayar da ita a hanya yana son sanin ina sauran mutumin yake. Da aka warware wannan, sai labarin kasuwa ya fara zuwa.

"Baba, ta ƙi shiga jar motar nan."

"Kin tura kujerar baya har ƙarshe?"

"Har ta yi ƙara. Dillalin ya ce wai a rage tsawon kaɗan, ga zarto a maƙwabta."

"Ce masa ya rage tasa!"

Kafin rana ta yi tsaka kasuwa duk ta san da zuwan ƙafar. Dillalai suka bar masu saye suka biyo Auta a baya, kowa na rantsuwa motarsa ce za ta ɗauka. Miƙau na jin su ta waya, wani na cewa a buɗe wa baƙuwa ƙofa, wani na cewa, "Ranki ya daɗe, a shigo da bismilla." Motoci masu ƙyalli, masu sanyi, masu waƙa da kansu, duk ƙafar ta leƙa ta fito. Sai can wajen katanga aka samu wata tsohuwar doguwar mota ruwan toka, wadda ƙura ta rufe har yara sun yi zane a gilashinta. Aka zura ƙafar a gaba, ta kwanta lafiya lau, aka rufe ƙofa. Ihun da aka yi sai da Miƙau ya janye wayar daga kunne.

Ranar da Auta ta tuƙo motar zuwa gida, layin masu walda ya tashi daga aiki. Miƙau ya yi wanka, ya sa sabuwar riga, ya fito bakinsa har kunne. Aka buɗe masa ƙofar gaba. Ya jefa ƙafar ciki, ta shige, shi ya rage a waje. Ya fito da ita ya fara shigar da jiki, jiki ya zauna, ƙafa ta rage a waje tana nuna shagon mai shayi. Ya gwada ta gefe, ya gwada da kai, hula ta faɗi. Masu walda biyu suka ɗaga shi suka karkata shi yadda ake shigar da kabad ta ƙaramar ƙofa, ɗaya na cewa a juya hagu ɗaya na cewa dama, shi yana tsakiya yana gumi sharkaf yana zaginsu duka.

"Ai awon daidai ne!" yake ta faɗa. "Ni na auna! A kawo ƙafar a gani!"

Aka kawo ta katako, aka zura, ta shige sumul kamar gidan ubanta. Jama'a suka tsaya ana kallon ƙafa ana kallon mai ƙafa. Matarsa, wadda ke tsaye a bakin ƙofa da hannu a ƙugu, ita ce ta gano inda gizo ke saƙar.

"To ai ita ba ta da ɗuwawu, Baban Auta. Ka aika ƙafa kasuwa ka manta akwai mutum a jikinta."

Layin ya kece da dariya, har da masu zama a ƙasa suna riƙe ciki. Miƙau ma ya buɗe baki zai yi, sai ya hango Auta ta juya baya tana share ido da gefen mayafi, ya tuna duk abin da ta tara ta zuba a motar nan, ya tuna wadda ke can tana jira. Ya fasa dariyar. Ya jingina da motar, jama'a suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Yana nan jingine yana kallon cikin motar ta ƙofar da ke buɗe, sai ya ga kujerar gaban a kan ƙarafa biyu take zaune, noti ne kawai ke riƙe da ita. Ya ƙura mata ido. Shi da ya yi shekaru yana haɗa kujeru, bai taɓa tunanin kujera ce ke tare masa hanya ba.

"Wa ke da sifana, a kwance notin nan?" in ji shi.

Kan ka ce kwabo an kwance kujerar an fito da ita. Ya juya wa motar baya, ya shiga ta ƙofar gaba da baya da baya, ya ja jiki har ya faɗa kujerar baya, ƙafar ta biyo shi ta miƙe a filin da aka share mata. Aka rufe ƙofa, ta rufu. Ya sa aka buɗe aka sake rufewa don ya ƙara jin ƙarar.

Mutum ɗaya ce ba ta yi tafi ba. Matarsa tun da aka fara zancen mota ta gaya wa duk maƙwabta ita ce a gaba, har ta ɗinka kayan da za ta zauna da su. Ga kujerarta can a ƙofar shago, mai shayi ya riga ya hau yana gwadawa.

"Ni da kujerar gaba sai ƙafa ta ƙwace mini," in ji ta. "Ƙafar ma ba mai lanƙwasuwa ba."

"Zo nan kusa da ni, Maman Auta. Manya ai a baya suke zama."

Ta shiga tana ƙunƙuni. Washegari suka kama hanya da sassafe, Auta na tuƙi da hannu biyu kamar mai riƙe jariri, kayan tsaraba jere a gefen ƙafar. Miƙau bai bar komai ya wuce ba. Ya sauke gilashi ya ɗaga, ya gaida masu keke, ya yi wa wata babbar bas gwalo lokacin da suka wuce ta. A wani shingen bincike jami'i ya leƙo, ya ga direba mace, ba kujera, ga takalmi a inda ya kamata fasinja ya zauna, ya bi ƙafar da ido har ya iske mai ita can baya yana murmushi. Bai tambayi takarda ba, ya ce su je Allah ya kiyaye. Wajen azahar matarsa ta yi barci da kanta a kafaɗarsa, shi kuma ya ƙi motsi har kafaɗar ta mutu.

Rana ta yi sanyi suka isa. Fitowa ma sai da aka yi dabara, amma ya fito. Ya jefa ƙafa ya shiga gidan yana sallama da ƙarfi. Yaya na zaune a kan tabarma a baranda, ta ƙanƙance, ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Ta ɗago kai tana lalube da ido.

"Na ji muryarka. Ina kake? Wando kawai nake gani."

Ya sunkuya iyakar yadda bayansa ya yarda, bai kai ba. Tsugunawa kuwa ya rabu da ita tun shekarar bene. Aka kawo masa kujera ya zauna, ƙafar ta miƙe tsakaninsu ta tura shi nesa da ita.

"Matso mana, yaron nan. Ba na ganin komai."

Miƙau ya cire hula ya miƙa wa matarsa. Ya kama ginshiƙin baranda ya zame a hankali, ya kwanta a kan siminti da sabuwar rigarsa, dogon mutum mai jikoki, ya ja jiki har ya ɗora kansa a cinyarta. Ta kama fuskar da hannu biyu, ta sunkuyo har hancinta na taɓa nasa. Ta duba goshi, ta duba ido, ta bi gemu da yatsa.

"Wa ya ba ka izinin yin furfura?" in ji ta.

Ya fashe da dariya, hawaye na gangara masa cikin kunne. Ya yunƙura zai ba ta amsa, ta danne masa kai.

"Kar ka motsa. Ban gama ba."