Katakon Gindin Bango a Gidan Hedimasta

Gwiwoyina sun fi ni riƙe labarin gidan nan. Duk sanda na zo tashi daga zaune suka yi ƙara, sai daɓen falon hedimasta ya dawo mini, da kwarinsa da tudunsa.

Na dawo Jos wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da saba'in, bayan na shafe fiye da shekara ashirin ina aikin kafinta a ƙasashen mutane. Na yi Kumasi, na yi Abijan, na ƙare a Omdurman. Abin da na dawo da shi bai wuce akwatin kayan aiki ɗaya ba, da harsuna huɗu a baki, da gajiya. Wana, wanda ya girme ni da shekara tara, yana da shagon kafinta a Laranto, kusa da masu sayar da katako. Bai tambaye ni me na samo ba. Ya ture gwangwanayen ƙusa daga gefen bencinsa ya ce, "Ga wuri nan."

Rabin abincin shagon daga ɓangaren Vom yake zuwa, kuma ta bakin mutum ɗaya. Tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, ɗan ƙasar, dattijo a cocinsu. Bencin makaranta, ƙofofin gidajen malamai, kabad na amare, in ya ce kafinta kaza ya iya, magana ta ƙare. Shekara da shekaru sunan Yaya yake kira.

Hedimasta ya sayi wani tsohon gidan Turawan kuza a bakin hanya, ya sa Yaya ya buga masa katakon nan siriri da ake bin gindin bango da shi a cikin ɗaki, wanda kafintocin Jos ke kira sikatin. Masu Faransanci suna da sunan da suke ba shi, Larabawa ma suna da nasu, amma ko'ina matsalarsa ɗaya ce. Katako miƙaƙƙe ne, daɓe kuwa ban taɓa ganin miƙaƙƙe ba. Yaya ya yi yadda kowa ke yi a garin: ya buga katako a miƙe, ya cike giɓin da ya rage a ƙasa da foti, ya shafa fenti. A gidan da daɓensa ke da dama-dama ba mai lura. Wannan gida kuwa kusa da tsofaffin ramukan kuza yake, ƙasa ta zauna a ƙarƙashinsa, daɓen siminti ya lotsa nan ya kumbura can. Foti ya bushe ya zube. Kunama ta samu mazauni a bayan katako, ta harbi matar hedimasta a ƙafa tana shara.

Ranar da ya zo shago ana yayyafi. Ya naɗe laimarsa, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya ga Yaya.

"Oga kafinta, ba faɗa na zo yi ba. Mama ta kwana biyu a kwance. Masu zuwa dubiya suna tambaya wa ya yi aikin. Har yanzu ban ba su amsa ba."

"Allah ya ba ta lafiya, Malam. Za a gyara."

"Ina so in ci gaba da kiran sunanka a gaban mutane. Ka taimake ni."

Ni na san maganin abin. Wani tsohon kafinta Ba'asante ya koya mini a Kumasi yadda ake sa katako ya bi daɓe duk inda ya nufa. Amma ƙane ba ya koya wa wansa sana'a, balle ƙanen da aka ture wa gwangwani aka ba shi wuri. Sai na ce, "Yaya, bayan nan naka ba zai ɗauki durƙuso ba. In mun je ka zauna ka riƙa duba mini layi, ni in yi na ƙasa." Ya dube ni. Ya gane, na kuma san ya gane. Ya ce to.

Ni na je sayen katako. Na tarar wata babbar mota ta sauke jan katako daga kudu, mai kyan gani, ba ƙulli ba tsaga. Na zaɓi na zaɓa. Da aka kawo shago Yaya ya kama bakin ɗaya ya ɗaga, ya ajiye.

"Yana da nauyi."

"Mai kyau ne, Yaya."

"Ban ce ba shi da kyau ba. Na ce yana da nauyi. Da so samu ne ya kwanta a bayan shago har damina ta wuce."

"Hedimasta zai jira damina ta wuce?"

Sai ya ce, "To, ɗan Kurmi, kai ka ga duniya."

Na ɗauka zolaya ce. Sai daga baya na fahimci janyewa ya yi. Aikinsa ne ya lalace, bai ga yana da bakin da zai dage a gaban wanda ya zo gyara ba.

Muka loda katako a a-kori-kura muka kama hanya. Sanyin Vom ya fi na Jos, sanyin daɓen siminti kuwa ya fi na waje. Yana shiga ta gwiwa ya zauna a ƙugu.

Aikin ba shi da wata dabara mai zurfi, haƙuri kawai yake ci. Ka jingina katako da bango, ka ɗora lebur a kansa, ma'aunin nan mai ɗigon ruwa a ciki, ka tokare shi da 'yan guntaye har ya daidaita. Ka nemo inda giɓi ya fi faɗi, ka yanko ɗan guntun katako daidai kaurin giɓin. Sai ka kwantar da fensir a kan guntun, ka ja su tare a kan daɓe daga wannan kusurwa zuwa waccan. Inda daɓe ya hau fensir ya hau, inda ya sauka ya sauka, har siffar daɓen ta fito a jikin katako. Ka fita da shi waje ka fere zuwa layin, ka ɗan karkata hannu ta baya don bakin gaba ne zai fara taɓa ƙasa. Ka dawo ka gwada. Bai zauna ba. Ka sake fita. Katako ɗaya sai ya sa ka tashi ka durƙusa sau biyar, gidan kuwa falo ne da ɗakuna uku da wani dogon lungu.

Yaya yana zaune a kujerar hedimasta, hannu a gwiwa, kamar wanda ya zo gaisuwa. Matar gidan, wadda kowa ke kira Mama, tana ɗingisawa ta kawo mana shayi da madarar da aka tatso da safe, da rana kuma gwaten acca. Wata rana ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona.

"Oga kafinta, wannan ƙanen naka salla yake yi ko aiki? Tun safe goshi a ƙasa."

"Ramuwa yake yi, Mama. Shekara ashirin yana yawo."

Suka yi dariya, ni ma na yi, fensir a baki.

Da muka zo bugawa, na tarar da tsofaffin turakun katako da magina suka binne a bango don karɓar ƙusa. A sama suke, daidai bakin katakona na sama. Fasa bango a sa sababbi a ƙasa aikin kwana biyu ne, ni kuwa gwiwoyina sun riga sun kumbura. Na buga a inda na samu.

"Ƙusar ta yi sama," in ji Yaya.

"Nan turakun suke, Yaya."

Ya juya ya ci gaba da duba layi.

Ranar da muka gama, hedimasta ya yago takarda daga littafin rubutu, ya durƙusa da kyar, ya bi gindin bango yana neman inda za ta shiga. Ya zagaye falo, ya shiga ɗakuna, ya bi lungu. Ba ta shiga ko'ina ba. Ya miƙe ya kama hannun Yaya.

"Hannun ƙanena ne, Malam."

"Shagonka ne," in ji hedimasta.

Damina ta ɗauke, iska ta bushe. Bayan Kirsimeti direban a-kori-kura ya tsaya a ƙofar shago ya ce hedimasta yana son ganinmu.

Tun daga bakin falo na hango baƙin layi a gindin bango, ya zagaye ɗakin kaf. Katakon yana nan yana bin daɓe daidai, duk lotsawa da kumburi, amma ya ɗaga. Wannan karon hedimasta bai nemi takarda ba. Rularsa ta katako ya zura, ta shige har rabi.

Nan take na ga abin da ya faru. Katakon da ruwansa a jiki aka sare shi a kurmi, mota ta haye da shi tudun Jos cikin 'yan kwanaki. Da iska ta bushe ya tsotse ya rage faɗi. Ƙusa ta riƙe shi ta sama, saboda haka ta ƙasa ya janye. A Kumasi da Abijan katako yana zama cikin laimar da aka sare shi, ba ya motsi sosai. A Omdurman kafin ya iso hannunka ya bushe ƙayau a hanya. Duk yawona ban taɓa zama a garin da ake kawo katako jiƙe, ya kuma bushe bayan an buga shi ba. Yaya a irin garin ya tsufa, shi ya sa yake ɗaga katako ya ji nauyinsa kafin ya dubi kyansa.

"Sau biyu ke nan," in ji hedimasta. Muryarsa ba ta tashi ba.

Na buɗe baki, Yaya ya riga ni.

"Laifina ne, Malam. Na san katakon ɗanye ne, na bari aka buga."

Ba rufa mini asiri kawai ya yi ba, gaskiya ya faɗa, ita ce ta fi yi mini ciwo. Sai ya tuɓe babbar rigarsa ya rataya, ya dafa bango, ya sauka a kan gwiwoyinsa a hankali. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan guntun katakon da na riƙa jan fensir da shi. Ni a zatona an share shi da shara tun watannin baya.

"Riƙe mini can," ya ce.

Muka zare ƙusoshi, muka fasa bango muka binne sababbin turaku a ƙasa. Katakon ya riga ya bushe, ba inda zai sake zuwa. Yaya ke jan fensir, ni nake ferewa. Hannunsa ya fi nawa natsuwa, duk da kallo kawai ya yi daga kujera. Da katako ya sauka sai tsirin bango mara fenti ya bayyana a samansa, muka bi shi da buroshi. Mama ta kawo shayi kamar da, amma ba ta yi wasa ba.

Hedimasta ya sake zagayawa da takarda, ba ta shiga ba. Ya ninke ta ya sa a aljihu.

"Wancan karon ma ba ta shiga ba. Zan jira damina ɗaya da rani ɗaya. Kafin nan, wanda ya tambaye ni kafinta, zan ce ban sani ba."

Ba wanda zai ce bai yi adalci ba.

A bayan mota, muna komawa, iska na dukan fuska, na ce, "Da ka ce mini a'a tun ranar, Yaya."

"Da kai ma ka ce mini ga yadda ake yi, ba ka zaunar da ni a kujera kamar baƙo ba."

Iyakar abin da muka taɓa faɗa a kan maganar ke nan.

Shekarar ta yi tsawo. Ba abin da ya zo daga Vom. Muka koma yin kujerun tsuguno da akwatunan 'yan kasuwa, da gyaran ƙofofin da suka saki a Anguwan Rogo. Wasu ranakun mu buɗe shago mu wasa zarto mu rufe. Yaya bai yi ƙorafi ba. In ya samu sarari ya sayo katako biyu ko uku, ya jera a bayan shago da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa. Gwiwoyinsa kuwa tun durƙuson nan ba su koma daidai ba. Kafin damina ta ƙare a zaune yake salla.

Bayan Kirsimeti na biyu hedimasta ya zo da kansa. Ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya zaro ninkakkiyar takardar nan daga aljihu ya ajiye a kan benci.

"Jiya na gwada, ba ta shiga ba. Oga kafinta, surukina ya gama gini, daɓensa ya fi nawa muni. Na ba shi sunanka."

"Na gode, Malam," in ji Yaya.

Da ya tafi, Yaya ya dogara sanda ya zagaya bayan shago, ina biye. Ya riƙa kama bakin katako yana ɗagawa yana ajiyewa. Ya ware shida. Sannan ya zauna a kan sauran yana haki, ya laluba aljihu ya miƙo mini ɗan guntun katakon.

"Ƙusa a ƙasa," ya ce.

Washegari ni kaɗai na hau a-kori-kura.