Ranar da Alhaji Ya Sha Ruwan Dawaki

Ko da na tsufa na fara manta inda na ajiye tabarau, ba na jin zan manta wata Asabar ta lokacin zafi a garin Greensboro, can ƙasar waje inda na je karatu. A tsakiyar shekarun casa'in ne, ina digirina na biyu kan tsabtar ruwan sha.

Wani coci a Summerfield, wani ƙaramin gari kusa da mu, shi ne ke shirin tura mutanensa wasu ƙauyukan talakawa a ƙasar China, su duba marasa lafiya, su kuma koya wa jama'a haɗa matatar ruwa. Matatar ba wani abin a-zo-a-gani ba ce: duro ne aka cika da tsakuwa da yashi, a zuba ruwa ta sama, ya ɗiɗɗigo ta famfo a ƙasa. Sun haɗa guda ta gwaji a gonar dawaki da ke bayan cocin, suna zuba mata ruwan kududdufin da dawakin ke sha. Malamina na jami'a ya ce in riƙa ɗebo ruwan ina auna musu. Da yake ni Musulma ce, sai da na tambayi limaminmu ko ya halatta. Ya ce in tafi, shayar da mai ƙishi lada ne a kowace ƙasa. Duk da haka na sake tambayarsa bayan Juma'a, don in tabbatar na ji daidai.

Halina ke nan a lokacin, kuma shi ya kusa ɓata aikin. Na auna ruwan nan har na gaji, kullum sakamako mai kyau, amma duk lokacin da faston cocin ya tambaye ni, sai in ce, "Da alama yana da kyau, sai dai a bari in ƙara gwadawa." Na hana kowa ko ɗanɗana shi. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar China, wadda ta tashi a irin ƙauyukan nan kuma ita za ta jagoranci tafiyar, ta taɓa ja na gefe. Ta ce manya suna tafasa ruwa, amma yara a hanya duk inda suka ga ruwa sha suke yi, kuma gudawa ce ke cika asibitinsu. Na ce na fahimta. Na koma na sake gwaji.

To, a wannan Asabar ne kwamitin cocin zai yanke shawara. In ban ce ruwan ya yi ba, za a tafi da magunguna kawai, matata sai wata shekarar.

Ba ni da mota, bas kuma ba ta zuwa can, sai wani dattijo ɗan Nijar da muke zama a unguwa ɗaya ya ce zai kai ni. Kowa Alhaji yake kiransa. Muka iso a makare, mun sha rana, motarsa ba ta da na'urar sanyi. Mutane sun riga sun zagaye duron a gindin bishiya, ma'aikaciyar jinyar tana zagayawa da kofin gilashi cike da ruwan matatar. Kowa ya karɓa sai ya ɗaga shi sama, ya duba haskensa, ya gyaɗa kai, ya mayar. Alhaji bai ga wannan ba, yana can yana gyara fakin.

Da ya ƙaraso, matar nan ta ga furfura. Su kuma a al'adarsu babba da hannu biyu ake miƙa masa abu. Ta ɗan rusuna, ta miƙa masa kofin da hannu biyu. Ku faɗa mini, Bahaushen da ya sha rana ya iso gidan mutane, aka tarbe shi da ruwa cikin ladabi haka, me zai yi? Alhaji ya nemi kujera ya zauna, ya yi bisimilla, ya shanye tas. Ya miƙa mata kofin yana sa mata albarka.

Kowa ya zuba wa Alhaji ido. Can wani doki ya yi haniniya a bakin kududdufin, wata tsohuwa ta dafe ƙirji.

Alhaji ya dube ni ya ce, "'Yata, lafiya suke kallona? Ko kuɗi ake biya?"

Na ce, "Alhaji, ruwan can ne." Na nuna masa kududdufin, ga doki tsaye a ciki har gwiwa.

Ya kalli dokin, ya kalli kofin, ya shafa cikinsa. "Bon," in ji shi da Faransanci. "To mutuwa zan yi, ko kuwa Hajiya ta ɗora tuwo da ni?"

Kafin in ba shi amsa, sai na hangi fasto ya tattara ya nufi ofis da gudu, yana cewa a kira motar asibiti. A raina na hango Alhaji kwance a gadon ɗaukar marasa lafiya, jiniya na tashi, duk Hausawan gari sun ji ni ce sila, alhali na san babu abin da ke cikin ruwan nan. Ban san lokacin da na ɗaga murya da Turanci ba: "Ka bar wayar nan! Ruwan tsabtatacce ne! Na auna shi sau ba adadi, babu abin da zai same shi!"

Fasto ya ci birki. Ya juyo a hankali ya ce, "Sake faɗa."

Na sake faɗa. Ma'aikaciyar jinyar ta yi wani tsalle, ta rungume ni har ɗankwalina ya zame. Ta tara kofi a famfon ta sha, ta cika ta ba ni. Na karɓa na sha. Wallahi ruwa ne kawai, mai ɗan sanyin yashi! Sai dariya ta kama ni, irin wadda ba ta tsayawa, har da hawaye. Tsofaffin kwamiti suka yi layi kamar ana rabon alewa, fasto yana ta cewa a ɗaga hannu, wa ya yarda a tafi da matata, alhali hannun kowa na riƙe da kofi. Alhaji kuwa ya ce shi ya buɗe rijiyar, don haka a ƙaro masa.

A hanyar komawa gida ya yi ta tsokanata. "Wata da watanni kina boko a kan ruwa, ni na gama binciken a kurɓi uku. A ba ni digirin kawai!" Washegari da safe na buga waya gidansa, ina ta kewaye-kewaye, don ban san yadda yarinya ke tambayar dattijo labarin cikinsa ba. Hajiya matarsa ta katse ni: "Dokinku na nan lafiya, ya cinye kokonsa ya ci nawa."

Suka tafi da matatar. Bayan sun dawo, ma'aikaciyar jinyar ta ba ni labarin yadda matan wani ƙauye suka haɗa tasu da randunan ƙasa, don babu duro a can.

Har yau ba na ba kowa shawarar ya sha ruwan da ba a auna ba, kuma Alhaji sa'a ya ci da aka riga aka auna nasa. Amma ranar na gane cewa ba ruwan nake karewa ba, kaina nake karewa daga zargi, alhali yaran wani ƙauye suna ci gaba da shan abin da suka samu. In ka yi aikinka tsakani da Allah, ka ga gaskiyar abu da idonka, to ka buɗe baki ka faɗa, don akwai mai jiran amsarka da ƙishirwa.