Ranar da Muka Shayar da Kaji a Daro Ɗaya

Shekaru sun ja, ido ya rage gani, abubuwa da yawa sun zube daga kaina kamar gero daga ɓulallen buhu. Amma ranar da muka shayar da kajin layinmu a daro ɗaya ba za ta fita daga raina ba, sai ranar da aka lulluɓe ni da ƙasa.

Lokacin da ɗana ya ɗauko ni daga ƙauyenmu na ƙasar Katsina ya kawo ni birni, unguwar Durumi, ban zo da wani abin kirki ba sai akwatin kayana da kwando ɗaya. A cikin kwandon kaji biyu ne da zakara, duka wake-wake. Irin mahaifiyata ne, ita ma a hannun uwarta ta same shi. A gidanmu duk 'yar da za ta tare, ana ba ta sagara ɗaya daga cikin irin nan. Na ƙauye sun ƙare tuntuni, nawa kaɗai suka rage. Babu abin da nake tsoro a lokacin kamar a ce a hannuna irin ya yanke.

A bayan ɗakina aka yi min akurki da tsohon kwano, suka hayayyafa har suka kai goma sha ɗaya. Maƙwabciyata ta jikin katanga 'yar Filato ce, mai sayar da abinci, muna kiranta Maman Biyu. Ita ma tana da kajinta. Wata rana kazarta ta yi kwanci, ta leƙo ta katanga ta roƙe ni ƙwai ta saka mata. Na ba ta biyar, na manta da zancen.

To, ana nan ana nan, sai labari ya zo cewa fakat ta shigo unguwar da ke bayanmu. Wanda ya taɓa kiwo ya san ciwon nan. Kaza ta yi ta gyangyaɗi, kashinta ya koma kore, wuya ya murɗe, shi ke nan. Na sha fama da shi a ƙauye da barkono da sassaƙen maɗaci, ban taɓa ganin sun tsayar da shi ba. Sai aka ce min a birni akwai rigakafi.

Na shiga tasi har Wuse, na yi ta tambaya har aka nuna min shagon maganin dabbobi. Mai shagon ya dube ni ya ce, "Mama, kaji nawa gare ki?"

Na ce, "Goma sha ɗaya."

Ya yi dariya, ba ta raini ba, ta tausayi. Ya buɗe firji ya ɗauko wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsana ba. "Wannan ta masu gona ce, Mama. Ta ɗaruruwan kaji ce, kuma ita ce ƙaramar. In kin buɗe, ba a ajiye saura. In ta ji zafi, ta mutu."

"Ɗan nan, babu ta talaka? Babu likitan da zai zo ya duba min?"

"Oga likita yana zuwa gona ne. Kaji goma ba za su tashe shi daga kujera ba."

Ya ce in hana su ruwa tun safe, in zuba maganin a ruwan sha, su shanye da wuri. Iyakar abin da ya faɗa min ke nan, don mutane sun cika shagon. Akwai rubutu a jikin kwalbar, ƙanana kamar ƙafar tururuwa, ni kuwa ban yi boko ba. Na dawo da ita cikin kula da ƙanƙara, na rungume a ƙirji kamar jariri.

A hanya dabara ta zo min, kuma a lokacin gani nake babu wadda ta kai ni hikima. Tunda maganin na kaji da yawa ne, kuma ba ya jira, me zai hana matan layinmu su kawo nasu gidana a shayar da su gaba ɗaya? Na bi gida-gida na faɗa. Kowa ta yi murna, ta sa min albarka. Maman Biyu kaɗai ta girgiza kai.

"Kaka, ni ba zan kawo nawa ba. Ki ɗebo min a kofi, in ba su a gida."

Na ji haushi. Na ce, "Kajinki 'ya'yan gwamna ne da ba za su sha da na mutane ba?"

Ta yi dariya ta ce, "Ai kin san su, Kaka, girman kai kamar uwarsu." Washegari da na buɗe kwalbar, na ɗiba mata a kofi, ina hararta.

Da hantsi tsakar gidanmu ta cika. Kaji a kwando, kaji a kwali, kaji a hammata. Ana ta kuka, mata ana ta shewa. Can sai ga matar mai shagon bakin layi, mace mai kirki, da wani jan zakara da mijinta ya sayo a hanyar Zuba kwana biyu da suka wuce. Da ta ajiye shi, na gan shi. Wallahi na gan shi. Fuka-fukinsa sun sauka, idonsa na lumshewa, ga majina a bakinsa. Zuciyata ta ce min, tsohuwa, ki yi magana. Amma ni na gayyace ta, a gidana take, ga mata sun cika. Yaya zan ce mata ɗauki zakaranki ki fita? Na ce, "Wannan ai kamar bai da kuzari." Ta ce, "Gajiyar mota ce, Inna." Na yi shiru. Shirun nan shi ne nake ɗauke da shi har yau.

Muka zuba maganin a babban daro. Kajin da aka hana ruwa tun safe suka rufar masa, jan zakaran na tsakiyarsu, yana tsoma baki yana ɗagawa.

Kwana huɗu aka yi lafiya. A na biyar, da na buɗe akurki, uwar garken ba ta fito ba. Daga nan sai ɗaya bayan ɗaya. Na jiƙa barkono, na fasa kafso a ruwa, na ɗura musu da cokali, ban ma san ko na kaza ne ko na mutum ba. Na sake komawa Wuse da wata a kwando, aka ce min wanda ya riga ya kamu babu magani. Cikin mako biyu layinmu ya yi tsit, ko asuba ba ka jin cara. Babu wadda ta zage ni. Da ma sun zage ni, da ya fi min sauƙi. Sai dai in na wuce a gaishe ni a sunkuyar da kai. Na binne ta goma sha ɗayan a bayan ɗaki da hannuna, na zauna a kan turmi, na tuna mahaifiyata, na ce Inna, ki yafe min, a hannuna ya ƙare.

Ina zaune sai na ji muryar Maman Biyu ta katanga. "Kaka, taso ki ga wani abu."

Na ce, "Ƙyale ni, 'yar nan, na gaji."

"Taso dai."

Na lallaɓa na leƙa. A tsakar gidanta, cikin kajinta farare da jajaye, ga sagaru biyu wake-wake suna tonon ƙasa. Ƙwan nan biyar da na manta. Na dafa katanga.

Na miƙa hannu, ta ce, "A'a, Kaka, ba yanzu ba. Ki ƙone shimfiɗar akurkin, ki wanke, ki bar rana ta dake shi. Suna nan wurin 'ya'yan gwamna, babu abin da zai same su." Sai bayan wata biyu ta miƙo min su ta katanga.

Yanzu ina da bakwai, kuma jikata ta fari ta tafi ɗakinta da tata sagarar. Har gobe ban ga kwalbar da aka yi domin mai kaji goma ba, wadda za ta jure zafin ɗakin da wuta ba ta zama. Ban ga likitan da zai duƙa a bakin akurkin tsohuwa ba. Na gaji da tambaya, na daina. In lokacin rigakafi ya yi, ni nake bin layi da kula da kofuna, gida-gida, ƙafa na ciwo, kowace kaza ta sha a gidan uwarta. Abin da ranar nan ta koya min shi ne, in idona ya ga ciwo, bakina ya faɗa, ko da a gaban wa. Kunyar da na ji na ɗan lokaci ita ta share kajin layi guda.