Kiɗan Jiran Waya

Da hannuna na jona kiɗan nan, shi ya sa ba ni da wanda zan zaga. Lokacin ina gyaran tarho a wani kamfanin kayan gini a Jidda. Babban ofis yana cikin gari, ni kuwa an ajiye ni a sito, can Khumra. Wata rana injiniyanmu, wani Ba'amurke mai yawan fara'a, ya miƙo mini kaset ya ce in haɗa shi da na'urar rarraba kira, don duk wanda aka ce ya dakata ya riƙa jin kiɗa maimakon shiru.

Ya ce wani ɗan ƙasarsu ne ya tsara shi, kuma irinsa fugu suke ce masa. Goge zai fara da wani ɗan kari mai rawar kai, kafin ya kai ƙarshe sarewa ta ɗauko karin daga farko, ƙaho ya biyo ta, kowa na bin wani da gudu kamar yara a tsakar gida. Gaskiya ya yi mini daɗi. Har fito nake yi da shi in ina kan tsani.

Sai aka aiko cewa jikin Inna ya yi tsanani a Gusau, tana ta kiran sunana. Fasfona kuwa yana kulle a ofishin kafili, wato mai kamfanin da ya ɗauke ni aiki, kuma ba mai barin ƙasar sai da sa hannunsa. Na buga waya. Sakatare ya ce, "Lahaza, ya akhi," wato in ɗan dakata, ya danna mini goge. Na je da ƙafata, aka ce mudir, wato maigidan, yana Riyad. Na sake bugawa: "Bukra, in sha Allah," wato sai gobe, sai sarewa. Haka na yi ta tsayuwa cikin zufa tsakanin buhunan siminti, kan waya manne da kunnena, su goge kuwa suna ta guje-gujensu, ko a jikinsu. Har na haddace inda kaset ɗin yake 'yar shaƙewa kafin ya koma farko. Ban taɓa tsanar wani sauti kamar wannan ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ga shi wayoyin da kyau na ɗaure su, ko sau ɗaya bai katse ba.

Ran nan da hantsi aka ce ana nemana daga Nijeriya. Ƙanwata ce. Ba ta da lambar sito, sai ta bi ta babban ofis, suka ajiye ta a layi kafin su turo mini kiran. Muryarta duk ta dushe.

"Yaya, Inna ta cika jiya da la'asar. Har an kai ta."

Na yi salati, na jingina da bango. Can ta ce, a hankali, ba da faɗa ba:

"Yaya, biki kuke yi ne a can? Tun ɗazu nake ta jin kiɗa."