Ƙusa Ɗaya a Ɗakin Amarya

Ana sallame sallar asuba muka bar Tsafe, mu innoni da gwaggwanni, za mu Gusau jeren 'yar yayata. Kaya a akori-kura, mu a bas. Can saman kayan akwai jan kafet ɗin da uwarta ta saya tun yarinyar na sakandare, ta naɗe ta ajiye, Allah bai nufa za ta ga ranar ba. Abu ɗaya amarya ta roƙe ni: "Inna, a shimfiɗa mini na Mama."

Hanya lafiya lau, sai shingayen jami'an tsaro da zafin bazara tun kafin hantsi. A tasha muka sayi hoce, ya ƙara kuɗi ya kuma ƙanƙance, sai ka ce ana jin haushin mai ci.

Gidan bene ne na haya. Muna cire takalma muka ji tayil sanyi ƙalau kamar gindin randa, ga shi ko fanka babu. Ango, mutumin Bungudu, ya ce siraran bututai aka binne ƙarƙashin daɓen, ruwan sanyi na zagayawa cikinsu daga inji guda mai bai wa duk gidajen layin. Har ƙasa ya durƙusa ya ce, "Don Allah Inna, kada a sa kafet, kada a buga ƙusa."

Ɗakin amarya ba kafet? A ce mun kai marainiya kan tayil tsirara? Yana fita na kira mai shimfiɗa. Wai mu masu dabara, muka ce ya buga ƙusar gefe-gefe.

Ƙusa na shiga, sai ruwa tsiiit! Kafin a nemo mai gyara ɗaki ya zama tafki, rinin kafet ya zube har bakin ƙofa. Aka rufe ruwan sanyin benen gaba ɗaya, maƙwabta suka fito suna fifita suna kallonmu. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Sai an fasa daɓen, in ji mai gyara. Washegari Bungudu muka kai amarya, gidan surukai, wani ɗakin kwano mai zafi kamar tanda. Aka tarbe mu hannu biyu. Fura ma aka dama mana, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Muka dawo Tsafe da kafet a naɗe. Na koyi cewa in mai ɗaki ya ce kada, a tsaya a ji dalili, ko da ɗan cikinka ne. Da na shanya shi amarya ta bugo waya: "Inna, na Mama ya bushe?" Na ce ya bushe. Abin da ban iya gaya mata ba shi ne, kafet ɗin ba ja ba ne yanzu.