Giyar Da Ba Ta Kuka

Yayana Na'ibi bai taɓa yarda da abu don kawai an ce masa haka yake ba. In ka miƙa masa shayi sai ya sansana. In ka ce an ga wata, sai ya ce wa ya gani, kuma da wane ido? Ni Husaini, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, na sha fama da halin nan nasa, akwai ranakun da wallahi na ji kamar in shaƙe shi.

Gado ya yi. Babanmu ya taso daga Kazaure a ƙafa, ya yi shekara shida a Sudan yana tsinkar auduga, ya iso Jidda ya haife mu a unguwar Ammariyya. Da aka zo rubuta mutane za a ba su tabi'iyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, sai ya rufe ƙofa ya ce dabara ce ta kwashe 'ya'yan mutane aikin soja. Maƙwabta suka bayar da sunansu suka huta. Mu kuwa muka girma a garin da aka binne cibiyarmu muna yawo da iƙama, takardar zaman baƙo, a aljihu. In lokacin sabuntawa ya zo sai kafili, ubangidan da ya tsaya maka, ya sa hannu, in bai sa ba sai jirgi, zuwa ƙasar da ba mu taɓa gani ba.

Kafilin Na'ibi shi ne Ammi Abdulghaffar, attajirin shinkafa da sukari mai gida a unguwar Bagdadiyya. Mutum ne mai kamun kai a komai, ban da abu ɗaya: motar tsere mai kujera biyu, kuma Jaguar kaɗai. Na'ibi ya shiga gidan a shekarar hamsin da biyu ta Nasara, ranar da aka sauke ta farko daga jirgin ruwa, aka ba shi bokiti da tsumma. Kafin shekara uku ya zama direba, ya zama makanike, ya zama abokin gardamar maigida.

Na'ibi bai san shekarar haihuwarsa ba, amma tambaye shi shekarar mota ka sha bayani! Ta hamsin da biyu gilashin gabanta biyu ne da ƙarfe a tsakiya. Ta hamsin da biyar an ƙara mata kaurin bamba. Ta hamsin da takwas gilashi ɗaya ne, birki kuma ba wasa. Kullum bayan la'asar za a shimfiɗa wa Ammi darduma a bakin gareji, su yi ta yi. Ammi ya ce ta hamsin da biyu ce mota, sauran duk kwaikwayo. Na'ibi ya ce, "Ya Ammi, motar da sai ka yi mata addu'a kafin ta tsaya?" Duk Bagdadiyya babu wanda ya isa ya musa wa tsohon nan magana sai shi, kuma na lura tsohon don musun yake ajiye shi.

A kan mota ɗaya kawai bakinsu ya zo ɗaya, ja mai dogon hanci ta sittin da uku. Tana da wani hali: in aka sa ta a giya ta ɗaya sai ta yi wani siririn kuka kafin ta ɗauki gudu. Ammi ya ce sallama take yi masa.

Ana nan idon Ammi ya fara yana. Kafin sittin da takwas ba ya ganin komai sai haske da duhu. Ofis da hatimi da duk takardun ma'aikata suka koma hannun ɗansa Othman. Tsohon kuwa ya koma komai sai ya tambayi Na'ibi. Ƙarfe nawa? Wa ya shigo? Wannan baƙon da ya gaishe ni, murmushi yake ko ya ɗaure fuska? Ranar Juma'a kuma ya zauna a gefen Na'ibi cikin jar motar su bi bakin teku, shi ke nan abin da ya rage masa na nishaɗi.

To ga inda na shigo cikin maganar, kuma ba zan wanke kaina ba. Ni mai fentin mota ne, ina da warsha, wato garejin aikina, a bayan Ammariyya. Da zafin shekarar sittin da takwas ɗin Othman ya ɗora jar motar a jirgi ya tafi da ita Beirut, wai za a duba injin. Bayan wata biyu sai ga shi a warshata da hantsi, kai tsaye daga tashar jiragen ruwa, da mota ja mai dogon hanci. Ya rufe ƙofa da kansa. Ya ce ta babansa ta faɗa rami a kan dutsen Lubnan, shi Allah ya yi da sauran kwana, ita kuwa ko tayarta ba a ɗauko ba. Wannan ta sittin da biyar ce, daga waje ba ka rabe su sai da rubutun ƙarfen da ke kan but. In cire rubutun, in mayar da irin na da, in daidaita jan.

Na ce, "Na'ibi fa?"

Ya ce, "Yayanka ne, kai za ka san yadda za ka yi da shi. Iƙamarsa tana kan teburina, watan Rajab take ƙarewa."

Ya faɗe shi a hankali, har da murmushi. Na yi aikin. Na cire rubutun, na cike ramukan da poti, na goge, na fesa ja sau uku. Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, Allah ya yafe mini.

Kwana ɗaya motar ta yi a garejinsu. Washegari ina cin abincin rana sai ga Na'ibi, ko sallama babu. Ya tsaya a kaina.

"Husaini, miƙo hannunka."

"Lafiya, Yaya?"

Ya kama yatsuna ya duba ƙarƙashin farce. Kwana uku ina wankewa da kananzir, amma jan yana nan.

Ya ce, "Tun daga ƙofa na ji warin sabon fenti. Na zauna, kujera ta yi kauri. Othman ya ce wai a Beirut aka sake ta, na ce to. Na sa giya ta ɗaya, shiru. Na ɗaga but na shafa ta ciki, na ji ramuka an toshe. Duk Jidda mutum ɗaya ne yake barin poti ya yi tudu ta ciki don ƙyuyar gogewa."

Ka ji fa! Ana maganar rai da mutuwa, shi sai ya soki aikina. Na fusata na ce masa e, ni ne, sai me? Na ce, "Yaya, mota ce ja, tsoho ba ya gani, wannan ma ta fi waccan lafiya. In ya tambaye ka, ka ce ita ce, halas, shi ke nan. Kana da matarka Dela da 'ya'ya mata huɗu. Ko so kake a zuba ku a jirgi a sauke ku Kano, kana tambayar mutane hanyar Kazaure da Hausar da rabinta Larabci ne?"

Ya ce, "Shekara goma sha shida ban taɓa gaya masa abin da ba shi ba ne."

"To ka fara ranar Juma'a."

Ya dube ni ya ce, "Kai da Othman kuka shirya wannan, ko kuwa tsohon ne ya aiko ku ku gwada ni?" Har a nan zargi yake! Na rantse masa da abin da zai kashe ni cewa tsohon bai san komai ba, ya fita bai ce ya yarda ba.

Kwanakin da suka biyo baya bai zauna ba. Ya je wajen wani ɗan Sudan mai sayar da kayan mota ya tambaya ko za a sami tsohuwar giya mai kuka a dasa, aka ce sai an yi oda, wata huɗu. Ya je ofis gaishe da Othman, ya ga iƙamarsa a kan tebur an danne ta da kofin shayi. Othman ya ce, "Bayan Juma'a, in sha Allahu." Dela ta zo gidana tana kuka, ta ce mutumin nan ya daina cin abinci, in ta yi magana sai ya ce wa ya aiko ta.

Ranar Juma'a bayan la'asar na je Bagdadiyya, wai na zo duba ko fenti ya bushe. Tsoro ne ya kai ni. Othman yana tsaye a kan matakala yana jan carbi. Na'ibi ya riƙo hannun Ammi ya zaunar da shi a mota. Tsohon ya gyara zama, ya sake gyarawa, ya shafa gefen kujerar. Na'ibi ya tayar da injin, ya taka kuloci, ya sa giya ta ɗaya. Motar ta silale a tsakar gidan, tsit, kamar an zuba mai a faranti.

Ba su kai bakin ƙofa ba Ammi ya ɗaga hannu. Na'ibi ya tsaya. Ina kusa da su, taku uku.

"Na'ibi."

"Na'am, ya Ammi."

"Motata ce wannan?"

Yayana bai dubi Othman ba, bai dube ni ba, sitiyari yake kallo. Ni kuwa a zuciyata ina ta cewa, faɗi mana, ɗan taurin kai, faɗi!

Ya ce, "Ita ce, ya Ammi."

"Ta sittin da uku?"

"Ita ce. An gyara mata giya a Beirut."

Har na fara jin sanyi a raina, na ce an wuce wurin. Sai tsohon ya ce a kashe injin. Ya lalubi ƙofa ya buɗe da kansa, Na'ibi ya zagayo da sauri zai kama shi, ya janye hannunsa.

Ya ɗaga murya ya ce, "Othman! Takardar Na'ibi tana wajenka ko? Gobe da safe ka sa mata hannu. Ta bana, da ta baɗi, da duk shekarar da zai yi a duniya. Kada in sake jin ta kwana a teburinka."

Othman ya ce, "To, Baba," murya ƙasa-ƙasa.

Sannan ya juyo wajen da yake jin numfashin Na'ibi. Ba faɗa, ba tsawa. Ya ce, "Shi ɗana ne, na san abin da zai iya. Kai kuwa, ya waladi, yarona, a da na ɗauka idona bai gama tafiya ba tunda kana nan." Ya kira Othman ya kama shi suka hau matakala.

An sa hannu washegari. Na'ibi ya kawo iƙamar ya miƙa wa Dela, ya shiga ɗaki. 'Ya'yansa huɗu duk a Jidda suka yi aure, jikokinsa suna nan Ammariyya, babu wanda ya hau jirgi.

Ammi ya ƙara shekara uku a duniya. Na'ibi yana zuwa kullum, ya wanke motoci huɗu, ya zauna a bakin gareji bayan la'asar. Ba a sake shimfiɗa darduma ba. Tsohon yana amsa gaisuwarsa da kyau, yana aika masa da kayan sallah, amma bai sake tambayarsa komai ba, ko da ƙarfe nawa ne. In yana son sani sai ya tambayi mai dafa abinci, Na'ibi yana tsaye a wurin da agogo a hannunsa.

Ni na ce ya yi ƙaryar, kuma ko yau aka dawo da ranar haka zan sake ce masa, don ina da hujjata. Amma ranar da aka kai Ammi makwancinsa, muna dawowa a ƙafa, Na'ibi ya tsaya a gefen hanya ya ce mini, "Husaini, shekara uku ina jira ya sake tambayata sau ɗaya, in gaya masa ta sittin da biyar ce." Muka ci gaba da tafiya.